Takardu Tara a Bangon Falo

Litinin, 3 ga Maris
Sabuwar manaja ta tara mu, direbobi shida. Wai baƙin kamfani na ƙorafi ba ma jin abin da suke faɗa, don haka ranar ashirin ga wata za a yi wa kowa gwajin Turanci, baki da baki. Wanda ya faɗi ya ajiye makulli. Shekara ashirin da biyu ina kan sitiyarin nan, ko fitila ban taɓa fasawa ba. Ba wanda ya tambayi wannan.

Laraba, 5 ga Maris
'Yata Auta ta zo da littafi. Tun da ta zama malamar makaranta take yi min magana a hankali kamar mara lafiya. Ta ce mu fara da "pick up", tunda shi na fi ji a wurin aiki. Na ce wannan ai na sani, ɗauko baƙo daga filin jirgi. Ta ce wannan ɗaya ce cikin tara. Ɗaga waya ma shi ne. Tsintar abu a ƙasa, kwasar mura, mota ta ƙara wuta, kasuwa ta farfaɗo, duk shi. Mutanen nan kalmomi ne suka ƙare musu?

Asabar, 8 ga Maris
Ta rubuta kowace ma'ana a takarda da lambarta, ta manna a bangon falo, daga ƙofa har taga. Ta ce kada in haddace su a jere, in riƙa saurara idan baƙi na magana. Na ce ta ƙyale ni, da hadda na san duk titunan garin nan. Kuma mu haka aka koya mana: direba ya gaida baƙo, ya rufe kunne, ya kalli titi.

Talata, 11 ga Maris
Na kai ta shida. Mamansu ta ce ko loma na kai baki leɓena motsi yake.

Alhamis, 13 ga Maris
Dogo, abokin aikina, bai buɗe littafi ba. Surutu kawai yake da baƙi, Turancin duk a karye, suna dariya yana dariya. Na sha yi masa faɗa a kan rashin kamun kai. Yau na ji kishinsa, kuma na ji kunyar hakan.

Lahadi, 16 ga Maris
Tara cif, ba tuntuɓe. Amma da Auta ta tambaye ni ta bakwai kai tsaye, sai da na faro daga ta ɗaya. Ta rufe littafin. Hakan bai yi min daɗi ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Na shiga gwajin. Manaja ta yi tambaya, na ji "pick up" a ciki, har raina ya yi fari. Na sa hannu ƙarƙashin tebur na fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Ina kan ta biyar ta dubi agogo, ta rubuta wani abu, ta yi min godiya. Bakina bai furta komai ba.
Dogo ya ce shi ma ita aka yi masa: me za ka yi idan baƙo bai ɗaga waya ba. Ta biyu ce. Na wuce ta a guje ban gan ta ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Na ajiye makulli. An mai da ni wankin motoci a gareji, wai don darajar shekaruna. Motata Dogo aka ba. Ya kasa haɗa ido da ni.

Asabar, 22 ga Maris
Ban fita ba.

Laraba, 2 ga Afrilu
Ina wanke mota wani baƙo ya fito, waya a kunne, yana mita direbansa ya ƙi ɗagawa. Kafin in yi tunani bakina ya gaya masa direban ya shiga karɓar makulli, ya jira minti biyu. Da Turanci. Ya gode. Sai bayan ya tafi na ga soso ne a hannuna, yatsun ba su ƙirga komai ba. Ba wani abu ba ne. Ba zai dawo min da mota ba.
Da yamma na tarar Auta na ɓare takardun.
"Bar su, Auta. Suna rufe tsagar bangon. Lambobin kawai za ki yanke."
Ta dubi bangon, ta dube ni. Bara aka shafe shi aka yi masa fenti, ba tsaga ko ɗaya. Ta je ta ɗauko almakashi.