An ƙawata mana ofis, banɗaki ba ruwa, ana so in sa hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida admin da ɗaukacin 'yan wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis.

Ni ma'aikaci ne a wata ƙungiya da ke tallafa wa manoman rani a Talata Mafara. A hannuna rajistar zuwa aiki take, tare da fayilolin manoman Dakko da Ruwan Gizo. Tun zamanin korona aka sassauta mana, kwana uku a ofis, sauran kwanakin mutum ya yi aikinsa daga gida. A hankali kwana ukun suka koma Talata kaɗai, da yake ranar kasuwa ce, mutum ya leƙo, ya sa hannun kwana uku a zama ɗaya, ya wuce kara ko rumfar mahauta. Ni kuwa duk hannun da aka sa ba a ranarsa ba, ina ja masa layi da jan biro.

Shugabanmu ya ce zai gyara ofis yadda kowa zai yi marmarin zuwa. Ya ɗauko wani gwanin ƙawata ofis daga Abuja, wanda bai tambayi ko mutum ɗaya cikinmu abin da ke hana shi zuwa ba. Aka rushe bangon da ya raba ɗakuna, aka kwashe teburanmu aka kawo dogo guda ɗaya, wai kowa ya zauna inda ya samu. Aka zube wasu buhunan soso a ƙasa aka ce kujeru ne, dattijo in ya zauna sai an miƙa masa hannu yake tashi. Injin shayi aka dasa daidai inda muke alwala. Ɗan ɗakin da mata suke sallah, suke shayar da 'ya'yansu, aka yi masa bangon gilashi, aka raɗa masa suna ɗakin tunani.

Banɗaki kuwa ƙofarsa kawai aka shafa wa fenti. Ba ruwa, ba sakata, rami ya cika, in an yi ruwan sama tsutsotsi har bakin ƙofa. Fayilolina an jibge su a siton da ya haɗa bango da shi, makon jiya na ɗaga guda, warin da ya taso sai da ya sa na fita waje na yi amai. Sau uku ina rubuta ƙorafi, kuma kwafin kowanne yana wurina.

Yanzu shugaba ya kawo mini rahoton da zai aika hedikwata, wai tun da aka yi gyara ma'aikata sun dawo, yana so in sa hannu kafin Alhamis a matsayin mai riƙe da rajista. Na ce ranka ya daɗe wannan ba gaskiya ba ne. Ya yi dariya, ya ce Malam ka cika tsauri, to ka rubuta gaskiyar taka da sunaye, mu ga wanda za a fara sallama. Na san wa yake nufi. Wata baiwar Allah ce mai goyo da ke zuwa daga Janbako a kan wannan muguwar hanya, ita na fi ja wa layi, kuma ita ta fi kowa gama aikinta a kan lokaci. Da na yi mata magana, cewa ta yi, Malam, kai za ka yarda matarka ta shayar cikin gilashi maza na kallo?

Ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba. Amma in na ƙi, jan birona ne zai raba ta da aikinta, mai laifin kuma yana zaune kan buhun sosonsa. Daga barandar masallacin unguwa nake rubuto muku wannan, domin nan nake zuwa kama ruwa. Jama'a, in sa hannun, ko in aika gaskiya da sunanta a ciki?