Cokalin da ke Aljihuna

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Afra'u ta sake faɗuwa, tana tsaka da taya uwarta tsintar wake. Karo na huɗu tun babbar salla. Allah ya sa ina gida. Na danne ta, na cusa cokali tsakanin haƙoranta kamar kullum, kar ta haɗiye harshe. Shekara biyu cokalin nan bai bar aljihun rigata ba. Da ta farfaɗo bakin duk jini, haƙorin gaba ya gutsure. Shekararta tara, ta riga ta yi famfara, wani ba zai fito ba. Maganin da nake sayo mata a kemis kuwa, gara ruwan randa.

Laraba, 4 ga Satumba

Ashe Kulu, uwar Afra'u, ta zagaya ta kai maganarmu asibiti ban sani ba. Yau sai ga Sa'adatu 'yar Malam Habu na Yalwa, yarinyar da na sha goyawa a babur da majina a hanci lokacin ina acaɓa a Rurum. Yanzu ita ce ma'aikaciyar lafiya. Wai likitocin Kano da na ƙasar waje sun haɗa kai sun koya musu aikin farfaɗiyar yara.

"Baba Alhaji, in ta sake faɗuwa a ɗauke ta a waya. Ciwon ba iri ɗaya ba ne, sai likita ya ga irin nata zai san maganin da ya dace."

Tir! In tsaya ina ɗaukar 'yata tana shure-shure, Turawa su harɗe a ɗaki mai sanyi suna kallo kamar fim? Sa'adatu ta tambayi haƙorin, na zaro cokalin na nuna mata, har da alfaharina. Sai cewa ta yi, "Ba a haɗiye harshe, Baba. Wannan ne ya karya mata."

A gidana. Na nuna mata ƙofa.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ban ci tuwon Kulu ba. Ta san dalili.

Asabar, 7 ga Satumba

A tasha, Manu direban motata ta Kano ya ce ai gwaji suke yi da 'ya'yan talakawa. Na ce ka faɗi gaskiya. Bai tsaya nan ba, wai a ware wa yarinyar kofi da kwano, don yawunta in ya taɓa mutum ya ɗauka. Ni da yawun nan ya sha wanke mini hannu har gwiwa! Na ce ya tashi ya je ya duba tayarsa. Kowa ya zama likita a kan 'yata. Daga masu waya sai jahilai, duk ƙyamarsu nake ji.

Alhamis, 12 ga Satumba

Takardar da Sa'adatu ta bar wa Kulu tana ƙarƙashin faranti, an ajiye ne don in gani. Da Hausa aka rubuta. Na karanta sau biyu ina neman tarkon, ai na yi sakandare har aji uku, ba a rufe ni da takarda. Wai in ban yarda hoton ya fita waje ba, ba zai fita ba, kuma za a duba ta duk da haka. Ban ga tarkon ba. Sun iya ɓoyo ke nan.

Afra'u yanzu in za ta yi dariya sai ta sa hannu ta rufe baki. Ta ce, "Baba, in na faɗi, me nake yi?" Ni kuwa bakinta kawai na sani.

Lahadi, 22 ga Satumba

Bayan la'asar Afra'u ta faɗi a gindin darbejiya. Kafin in iso Kulu ta juyar da ita gefe, ta sa zane a ƙarƙashin kanta, yadda waccan yarinyar ta koya mata. Na sa hannu aljihu, ta riƙe ni. Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa riƙe hannuna a gaban yara ba. "Alhaji, don girman Allah."

Wayar da cokalin aljihu ɗaya suke. Ban san yadda aka yi wayar ta fito ba.

Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in ina ɗauka. Na ɗauki buhun masara a ka, na tura mota ni kaɗai a taɓon Kibiya, ban taɓa aiki mai nauyin tsayuwar nan ba. Uba yana tsaye kamar gungume.

Ba jini.

Talata, 24 ga Satumba

Kano. Na sa hannu a takardar, tunda an riga an ɗauka. Likitan ya kunna na'ura, sai ga wata tsohuwar likita Baturiya da tabarau a allon, wai "Sanu Alaji." Ko gaisuwa ba ta iya ba. Suka kalli hoton sau uku, ni ina kallon silin. Likitan ya ce in duba: hannun dama ne ke fara karkarwa, kai ya juya, sannan ta faɗi. Ya ce tun yaushe take haka? Shekara biyu ina kanta, ban taɓa gani ba. Kulu ce ta amsa.

Sun canza magani, safe da yamma, kar a tsallake. Za mu koma gwajin ƙwaƙwalwa. Baturiyar ta ce a gaya mini hannuna bai yi rawa ba wajen ɗaukar hoton. Wa ya tambaye ta?

Juma'a, 18 ga Oktoba

Kwana ashirin da shida ba ta faɗi ba. Ban ce maganinsu ba ne, sauƙi na Allah ne. Ni nake ba ta na safe, don Kulu mantuwa gare ta.

An yi baƙi bayan masallaci, cokula suka gaza, Kulu ta zo ta tsaya a ƙofar ɗaki. Na zaro na aljihuna na ba ta. Aro ne. Da na leƙa tsakar gida, Afra'u ce ke shan fura da shi, tana dariya, hannun bai rufe baki ba.

Ban ce a dawo da shi ba. Dama yana huda mini aljihu.