Rasuwar Goggo Mai Soke Suna

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Nazarin Tsutsotsin Teku, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin mambobinta manya da ƙanana, ta karɓi labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, babbar Farfesa, tsohuwar Shugabar Kwamitin Tantance Sunaye, wadda duk muka fi sani da Goggo Mai Soke Suna, bayan gajeriyar jinya a ɗakinta, a gaban mijinta da 'ya'yanta. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Saboda jama'ar da ba su san aikinmu ba, kuma mun san suna da yawa har a cikin gidajenmu, ya kamata mu yi ɗan bayani. A cikin lakar teku akwai tsutsotsi masu gashi a gefen jiki, iri-iri, kuma sana'armu ita ce mu rarrabe su, kowane iri da sunansa. Sai dai sau da yawa masani yakan tsinci tsutsa, murna ta kama shi, ya raɗa mata suna, alhali wani ya riga shi tun zamanin kakanninsa. Dokarmu a nan ba ta da kwana-kwana: sunan da ya riga shi ne ke tsayawa, na baya kuma a sauke shi, a rubuta shi a ƙarƙashin na farko domin a san an taɓa yin sa. Wannan sauke suna shi ne aikin da marigayiya ta ba rayuwarta, kuma ta yi shi ba sani ba sabo.

Duk wanda ya taɓa shiga ofishinta ba zai manta da shi ba: taga ɗaya, kantoci har rufi cike da kwalabe, warin maganin adana tsutsa da ke bin mutum har gida, ga hantsaki a hannunta, ga ido a madubin ƙara girman abu. Ba ta yanke hukunci sai ta ba ka shayi, kuma idan ka ga ta ƙara maka kofi na biyu, to ka sha jinin jikinka. Mai Girma Shugabanmu, wanda ya ba da izinin a faɗi wannan, ya taɓa kawo mata sababbin tsutsotsi biyu bakinsa har kunne, kowace da sunan da ya ba ta. Ta zaro su daga kwalabe, ta jera su baki da baki a faranti, sai ga shi tsutsa ɗaya ce ragar kamu ta tsinka biyu. Abin da ta ce masa har yau ana maimaita shi a taronmu: "Ranka ya daɗe, ka raɗa wa kai suna, ka raɗa wa wutsiya suna. Allah ya so ba ka samu tsakiyar ba." Haka take yi wa kowa, kuma abin mamaki, mutum yakan shiga da suna ya fito babu, amma yana dariya.

Ba za a ba da tarihin hidimarta ba ba tare da ambaton mijinta ba, dattijon kirki Baba Mai Agogo, wanda ta kai wa madubinta gyara tana ɗaliba, ya gyara madubi, ya kuma nemi auren mai madubi. Tsutsar farko da marigayiya ta gano a rayuwarta, sunansa ta sa mata. Wata 'yar tsutsa ce mai ƙananan idanu da ke zaune cikin laka ba ta son fita, kuma Goggo takan ce halinsu ɗaya da Baba shi ya sa. Shi kuwa ya rataye hoton tsutsar a shagonsa a tsakiyar agogai, duk wanda ya kawo gyara sai ya ji labarinta kafin ya karɓi kayansa.

Da marigayiya ta zo ajiye aiki, ɗalibanta suka so su karrama ta. Sun kama wata kyakkyawar tsutsa tana iyo a saman ruwa, mai manyan idanu da faffaɗan ƙafafu kamar filafilin kwalekwale, suka tabbatar wa kansu sabuwa ce, suka raɗa mata sunan malamarsu. A wurin taron Goggo ta yi godiya, ta share hawaye, sannan ta ce a miƙo mata kwalbar. Ta daɗe tana duban muƙamuƙin tsutsar kafin ta ɗago ta ce: "'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, amma haƙoran nan na san su. A gidana suke." Abin da take nufi shi ne, wasu tsutsotsin laka idan lokacin haihuwarsu ya yi sukan sauya kama gaba ɗaya, idanu su girma, ƙafafu su buɗe, su taso saman ruwa, har masani ya rantse wata halitta ce daban. Idan zarginta ya tabbata, tsutsar Goggo da tsutsar Baba abu ɗaya ne, kuma tunda sunan Baba ya riga, nata ne zai sauka.

Babu wanda abin ya dama kamar Baba. Ya rufe shago, ya sa kayansa na fita unguwa, ya zo gaban Kwamitin Tantance Sunaye da kansa ya ce: "Don Allah ku soke nawa ku bar nata. Ni gyaran agogo nake yi, me zan yi da tsutsa?" Kwamiti ya yi masa bayani cikin girmamawa cewa dokar ba ta karɓar musaya. Goggo kuwa ko gezau, cewa ta yi: "Malam, koma shago, masu agogo na jira." Ta sa aka kafa tankin gilashi a ɗakin bincike, aka zuba laka da ruwan teku, aka saka tsutsotsin Baba, ta zauna jiran ranar da za su sauya kama a gaban idonta. Kowace safiya takan ƙwanƙwasa gilashin ta ce su tashi haka nan, ɗalibai kuma a bayanta suna roƙon Allah ya ƙara musu nauyin barci. Ajali ya riske ta tsutsotsin suna nan kwance a lakarsu.

Abin da ya biyo baya, iyalan marigayiya sun yarda mu sanar da jama'a. A kwanakin makoki ɗakin bincike ya zama babu kowa, mabuɗi kuma yana hannun Baba, domin tun tana kwance ta sa ya yi mata alkawarin zai riƙa sauya wa tankin ruwa. Wata safiya ya buɗe ƙofa ya iske tsutsa ɗaya ta taso tana iyo, ga manyan idanu, ga faffaɗan ƙafafu, sak wadda aka sa wa sunan matarsa. Irin wannan tsutsa ba ta daɗewa a raye bayan ta taso, kuma da ya ja ƙofa ya koma gida, da babu mahalukin da zai sani, da sunan Goggo ya tsaya. Sai ga wayarsa ga Mai Girma Shugabanmu: "Ranka ya daɗe, ku zo da sauri, ta tashi. Wallahi na yi tunanin in rufe ƙofa in tafi, har na kama mabuɗi. Amma matar nan ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ba kuma za ta yafe mini ba idan na ɗaga mata."

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Baba Mai Agogo, da 'ya'yan marigayiya da jikokinta, da ɗalibanta, da duk masanan da suka sha shayinta kofi biyu. Mun yi rashin uwa, kuma muna jin zafin rashin ƙwarai. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

A ƙarshe, Kwamitin Tantance Sunaye ya duba tsutsar, ya tabbatar da zargin tsohuwar shugabarsa, kuma Ƙungiya tana sanar da cewa daga yau an sauke sunan Goggo, za a rubuta shi a ƙarƙashin sunan mijinta kamar yadda doka ta tanada. Da aka karanta wa Baba hukuncin, ya goge gilashin idonsa, sannan ya roƙi alfarma ɗaya, cewa idan an zo bugawa kada a bar fili tsakanin sunayen biyu, a matso da nata dab da nasa. Kwamiti ya binciki dokar tun daga farko har ƙarshe bai ga inda ta hana ba, kuma an umarci maɗaba'a ta yi hakan.

Sa hannu:
Kawu Mai Farin Gilashi
Kakaki kuma Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Masu Nazarin Tsutsotsin Teku