Asabarin Tagar Yaya Hajo

Daren Litinin, watan Rajab, Gumel.

Malam lafiya lau, 'yata Ladi ma haka. Auta ce idonta bai daina ruwa ba. Da la'asar rana kan shigo ta tagata ta sauka daidai shimfiɗarta, ta yi ta kuka. Na rataya tsohon zane, iska ta yar.

Yau na je gaida Yaya Hajo, yayar Malam, wadda ta riƙe ɗana na fari tun yaye. Sai ga sabon asabari a tagarta, har da jan rini a baki, ɗakin sanyi ƙalau. Ta ce, "Yarona ya saƙa mini, wai kada rana ta taɓa uwarsa."

Uwarsa! Na ce, "Allah ya yi albarka," na sunkuyar da kai. Ni da na haife shi, kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunansa, ko a takardar nan, balle in roƙe shi.

Na aiki Ladi ta ce masa Auta na son asabari, ya ba da amsa kafin Alhamis, kada ya kai sauran da ya saƙa kasuwar Maigatari. Da sunan Auta na roƙa, amma ni nake so ya saƙa wa.