Tsarabar da Na Matsa wa Lemun Tsami

Yelwa, Jihar Kebbi,
20 ga Yuli, 1992.

Zuwa ga Yaya Jabiru, sanyin idona, iskar da ke tasowa daga tafki bayan la'asar, inuwar tsamiyata a zafin rana, dogon tsaunin da kunya ta hana ni ɗaga kai in dubi ƙololuwarsa.

Bayan gaisuwa mai yawa, wannan ita ce takarda ta huɗu. Uku na yaga, domin duk wadda na fara sai ta koma amsar jarrabawa.

Wata uku ke nan ba ka aiko mini da gaisuwa ba, kuma na san dalili. Ka tuna ran da ka dawo daga kai kifi Sakkwato, ka tsaya a zauren gidanmu a Wara, ka ciro farin dutsen nan daga aljihu? Ka ce a Kalambaina ka tsinta, ka ga katantanwa ta daskare a cikinsa alhali babu ruwa kusa, sai ka tuna da ni. Wayyo ni Yasira! Wace yarinya ce za a kawo wa tsaraba tun daga Sakkwato ta kasa cewa an gode? Ni ce. Sai na ruga cikin gida na yanko lemun tsami na matsa a kan dutsen. Da ya yi kumfa na ce maka, lallai dutsen farar ƙasa ne, ragowar matattun halittun teku. Matattu fa na ce, Yaya Jabiru, a kan kyautarka! Ka ce, "To, Malama," ka sa takalmanka. Inna ta leƙo ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi ag gamin tsaraba da lemu? Miya za ki yi da shi?"

Wallahi ba raini ba ne. Ban san wata hanyar nuna murna ba sai wadda aka koya mini a aji.

Ka yi haƙuri da darasi ɗaya tak, na ƙarshe. A littafinmu na labarin ƙasa akwai hoton wani tsauni na irin dutsen nan, a wata ƙasa mai nisa. Kansa fari fat, a bushe, duk tsaga. Sai gajeriyar ciyawa a cikin tsagogin, da awakin daji, da gaggafa tana shawagi. Malam Cindo ya ce ko an kwana ana ruwa ba ka ganin rafi a samansa, domin ruwan ratsawa yake yi ta ƙananan ƙofofi. Can ciki kuwa ya ƙwaƙule koguna, jemagu na rataye, kogi guda na gudu inda ido ba ya kaiwa, sai a gindin tsaunin yake ɓulɓulowa da sanyinsa. 'Yan aji na rubutu, ni kuwa hawaye na ɗiga a kan taswira. Ashe ni aka zana! Busasshen saman ka gani a zaure. Ina ma ka ji ƙugin ruwan da ke ciki! Kai da ke duban fuskar tafki ka san inda kututture ya ɓuya, yaya aka yi ka kasa karanta tawa?

Dutsen yana cikin akwatina, a naɗe da ɗankwalin Sallah. Inda lemun ya taɓa ya ɗan dushe, kuma nan nake shafawa kullum, ni da na ci tamanin da biyu a labarin ƙasa na faɗi warwas a godiya.

Ran Juma'a za a ba mu hutu. 'Yan Wara duk mota za su shiga, ni kuwa na ce wa kowa mota na sa ni amai, abin da ba ta taɓa yi ba. Zan tsaya a bakin ruwan Yelwa inda kake ɗaure jirginka. In ka yafe, ka karɓi akwatina da hannunka. In ka bar ni a tsaye, zan koma tasha, a yi mini dariya har gida, kuma na cancanta.

Na yi alkawari daga Yelwa har Wara ba zan faɗi sunan dutse ko ɗaya ba. Kalma biyu kawai na tanada, wata uku ina haddarsu: na gode.

Taka har ran da ruwa zai cinye tsaunin nan, abin da Malam Cindo ya ce sai bayan shekaru miliyoyi,

Yasira