Hukuncina a Kan Wasan Mubarak

Zuwa ga aminina Lawal, can ƙasar Kanada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da Maman Mubarak, ina shaida maka bidiyoyin da ka turo sun iso. Ka ce manyan kulob-kulob na hokin ƙanƙara sun fara aiko masu zaɓen 'yan wasa zuwa jami'ar su Mubarak, har wasu na zuga shi ya ajiye karatu ya shiga wasan ƙwararru. Ka ce tunda na tsufa ina koyar da hoki, wasan nan namu na sanda da ƙwallo, in duba ɗanka in faɗa maka gaskiya.

Na duba, Lawal. Amma da idon neman aibi na fara dubawa.

Ka tuna filin makarantar nan ta Orozo, inda muke tsince duwatsu kafin mu fara atisaye? Nan na miƙa wa Mubarak sandar hoki karon farko, rana ɗaya da ɗana Kabiru. Sanda guda na yanke biyu don ta yi musu daidai. Kai da bakinka kake cewa, “Ɗanka ya fi nawa hannu, Sani.” Ba ƙarya ka yi ba.

Sai aiki ya kai ka can, ni na zauna nan. Mubarak ya samu ƙanƙara mai santsi, da likitan ƙashi, da mai tsara masa abinci. Kabiru ya yi ta buga hoki a jar ƙasa har ranar da aka kafa shaguna a filin. Ba wanda ya taɓa zuwa ya zauna a gefe don ya ga abin da zai iya. Yanzu direba ne a wani gida a Maitama.

A bidiyo na ƙarshe na ji Mubarak yana cewa kocinsa na can ne ya koya masa komai. Na san yaro ne, ba zai tuna Orozo ba. Duk da haka sai da na kife wayar a kan tabarma.

To ga abin da na gani bayan na huce. Ban taɓa taka ƙanƙara ba, amma sanda sanda ce. Yaron nan yana ɗaga kai kafin faifan robar da suke bugawa ya iso gare shi, ya riga ya san wanda zai ba. Wannan ba a koyar da shi. Yana da gudu, kuma ba shi da rowar wasa. Sai dai yana tsoron karo. In ƙato ya matse shi a jikin katanga, yakan saki faifan da wuri. Juyinsa na hagu ma da saura. A cikin ƙwararru, waɗannan biyun za su gano a wasan farko, su yi ta binsa ta nan.

Saboda haka kada ya yi gaggawa. Ya ƙarasa karatunsa, ya ƙara ƙarfin jiki, ya saba da duka. Na juya wannan shawara sosai a raina, don ina tsoron ko hassada ce ke son in riƙe shi baya. Ba ita ba ce. Da Kabiru ne, haka zan ce. In ya yi haƙuri, ɗanka zai buga da manya, kuma ba benci zai ɗumama ba.

Kabiru ya zo gida ranar Lahadi, muka kalla tare. Hannunsa na ta motsi a kan gwiwa kamar yana riƙe da sanda, bai ma sani ba. Da aka gama ya ce, “Baba, Mubarak ya iya. Ka gaishe min shi.” Sannan ya tashi ya nemi motar komawa, don oga zai fita da sassafe. Shi zuciyarsa fes take. Tawa ce har yanzu ba ta kai tasa ba.

Allah Ya tsare Mubarak daga rauni, Ya sa wa wasansa albarka, Ya buɗa wa Kabiru tasa ƙofar, ni kuma Ya wanke min ƙirji.

Ranar da manyan kulob ɗin suka kira sunansa don su ɗauke shi, ka buga min waya kafin kowa. Zan yi murna, Lawal. In ka ji na yi shiru da farko, kada ka kashe, ka jira ni.

Naka har kullum,
Sani, daga Karshi