Tukunyar da Kika Fasa, Inna

Assalamu alaiki, Inna. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, 'yarki Rabi ce daga Makka. An rushe gidanmu na unguwar Jarwal, yanzu ina unguwar Ka'akiyya, tsufa ya kama ni har na fi ki furfura.

Zancen ƙanena Ilyasu ne ya sa na rubuto.

Kin tuna kufan nan na bakin kogin Nilu, a ƙasar Sudan, inda muka yada zango a hanyarmu ta zuwa Hajji? Ginshiƙan dutse a jere, rairayi ya cinye rabinsu, ga wani lanƙwasasshen bango yana duban gabas. Baba na ganinsa ya ce ai wurin tsayuwar liman ne. Murna kamar mun iso Harami.

Nan zazzaɓi ya ɗauke Ilyasu, ko yaye ba ki yi masa ba. Baba ya haƙa masa kabari a gindin bangon. Ba itacen da za a jera, sai kika fasa tukunyarki, wadda kika ɗauko tun daga Kano, aka rufe shi da ita kamar yadda ake yi a gida. Ina leƙe ta bayan ginshiƙi.

Har kika koma ga Allah maganarki ɗaya ce: "Ni hankalina kwance, a masallaci na bar shi."

Inna, ba masallaci ba ne. Jiya bayan La'asar na ga wurin a talabijin, na gane shi tun kafin a yi bayani. Wai cocin Kiristocin farko ne, tun kafin Musulunci ya isa can. Masu tonon kayan tarihi sun kwashe rairayin, har gicciye ya fito a jikin dutse.

Wannan bai dame ni ba. Ƙasar Allah ce, kuma bangon ya yi masa inuwa duk shekarun nan.

Abin da ya hana ni cin abinci daban ne. Sun nuna wani ɗan kabari a gindin bangon. Sauran mamatan da suka tono a rigingine suke, shi kaɗai ke kwance a gefensa na dama, fuskarsa na duban nan inda nake zaune. Wata mata ta ɗaga guntun fasasshiyar tukunya tana juyawa, ta ce ba ƙirar ƙasar ba ce, ba su san ko ɗan waye ba. Inna, har zanen bakin tukunyar na gane.

Na miƙe ina gaya wa talabijin sunansa, kamar wata zautacciya. Suka wuce zuwa wani ginshiƙi. Ba su faɗi ko sun mayar da shi ba, ko yana cikin kwali. Wa zan tambaya? Duk duniya ni kaɗai na rage da na san shi, ga ƙafa ta ƙi.

Tun jiya ko tukunya na taɓa sai in janye hannuna.

Allah Ya jiƙan ki da Baba. Allah Ya sa tun tuni yana hannunki, ƙasusuwa kawai suka tarar. In yana nan, ki goya shi da kyau, Inna, sun yaye masa rufi.

Taki har abada,
Rabi